Farfelar motar da aka ɗaga: abin da ya kamata ku sani kafin ku sake sayen kuros

Kakannin mutanen garin Mai Wurno na ƙasar Sudan da ƙafa da jakuna suka iso bakin Kogin Nilu Shuɗi bayan yaƙin Burmi na 1903, suna bin Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Jikokinsu kuwa da mota suke neman abinci: boksi, wato Hilux mai buɗaɗɗen baya, da Land Cruiser a-kori-kura da ake kira Tacha. Su ne ke kai ayaba da mangwaro kasuwar Sinnar, su ɗauko dawa da riɗi daga gonakin Dali da Mazmum, su kai mara lafiya asibiti cikin dare.

Idan aka sauka daga kwaltar da ta taso daga Madani ta bi ta Sinnar da Sinja zuwa Damazin, sauran hanyoyin baƙar ƙasa ce. Da rani ta bushe ta tsattsage, da damina kuma, musamman daga Yuli zuwa Satumba, ta zama laka mai danƙo, tarakta da manyan motoci su bar ramuka biyu masu zurfi da tudu a tsakani. Wannan ne ke sa masu motoci su kai su gareji a ƙara musu tsayi. Ba a daɗewa sai kuka ya biyo baya: mota ta fara rawa a ƙarƙashin kujera, kuros ya ci, an sa sabo, shi ma ya ci. Galibi laifin ba na kuros ba ne. Ɗagawar ce ta canza karkatar farfela, kuma muddin ba a gyara wannan karkata ba, ko kuros na asali aka sa zai bi sahun na baya.

Mece ce farfela, kuma me ke cikinta?

Farfela, ko kardan a bakin kanikawan Sinnar da Madani, doguwar sandar ƙarfe ce mai rami a ciki, wadda ke ɗauko juyi daga giya ta kai shi korona, wato ƙullin haƙoran da ke tsakiyar aksil mai raba ƙarfi ga tayoyi biyu. Motar da ke ja da taya huɗu tana da farfela biyu, ɗaya ta nufi baya ɗaya ta nufi gaba, dukansu suna fitowa daga akwatin dabal da ke manne bayan giya.

Giya tana ɗaure a jikin shasi, aksil kuwa hawa da sauka yake yi a kan sifirin. Abubuwa uku ne ke ba farfela damar haɗa abin da ke tsaye da abin da ke motsi. Na farko kuros, ko saliba: ƙarfe mai hannu huɗu, kowane hannu da kofinsa, cikin kowane kofi akwai ƙananan allurai da ke birgima cikin giris. Kamar wuyan hannun mutum yake, yana lanƙwasawa yana kuma juyawa. Na biyu wuyan zamiya, inda sanda mai haƙora ke shiga tana fita cikin 'yar'uwarta don farfela ta miƙe ko ta taƙure. Na uku boris ɗin tsakiya, mai zagaye da roba, wanda ake samu a motocin da farfelarsu ta baya gida biyu ce, kamar yawancin Hilux masu ƙofa huɗu.

Me ɗagawa ke canzawa?

Kuros yana da wani hali da masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana tun ƙarni na 17. Idan yana aiki a karkace, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya. A kowane zagaye yakan yi sauri sau biyu, ya yi jinkiri sau biyu. A karkatar digiri 5, wannan bambanci bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. A digiri 10 ya kai kashi 1.5, a digiri 20 kuma ya haura kashi 6. Wato idan karkata ta ninka biyu, fizgar tana ninkawa kusan huɗu.

Maganin da masu ƙera mota suka samu shi ne a sa kuros biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, karkatarsu daidai da juna, kunnuwan da ke riƙe da su kuma suna kan layi ɗaya. A haka na biyun yana warware fizgar da na farko ya haifar. Kamfanin Spicer na Amurka, wanda ke ƙera kuros na mota tun 1904, yana ba da shawarar kada karkatar kowane kuros ta wuce digiri 3 idan ana so ya yi cikakken ƙarko, kada bambancin na gaba da na baya ya wuce digiri 1, kuma kada karkatar ta zama babu gaba ɗaya, domin allurai suna bukatar ɗan motsi don giris ya zagaya su.

Yanzu ku dubi lissafin ɗagawa. Idan farfela tsawonta mita 1 ne aka ɗaga mota santimita 5, an ƙara mata kusan digiri 3. Idan gajeruwa ce mai santimita 60, wannan santimita 5 ɗin kusan digiri 5 zai ƙara. Santimita 10 a kan farfela mai santimita 70 yana ƙara digiri 8. Shi ya sa gajeruwar farfela ta fi saurin shan wahala. Ga kuma gudu: motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa, farfelarta tana zagayawa fiye da sau 2,000 a minti ɗaya. Allurai su yi zafi, giris ya narke ya fita, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Ɗagawa tana kuma nesanta aksil da giya, sai wuyan zamiya ya zazzago waje. Haƙoran da suka rage a ciki kaɗan ne, su ne za su ɗauki dukkan ƙarfin inji, ga laka da ƙura na hawa ɓangaren da ya fito fili.

Ba kowace ɗagawa ce ke da illa iri ɗaya ba

Ƙara ganyen sifirin, ko kai su wurin maƙeri a ƙara musu lanƙwasa, ita ce hanyar da aka fi bi saboda lodi. Tana ƙara karkatar kuros biyun kusan daidai. Dogon shakul kuwa, wato ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi, yana sauke bayan sifirin ne kawai, saboda haka yana murɗa aksil, bakin korona ya kalli wani wuri dabam, daidaiton kuros biyun ya lalace. Sanya tubalin ƙarfe tsakanin sifirin da aksil ya fi su matsala, domin yana ba aksil damar murɗawa duk lokacin da aka taka totur da lodi. Irin wannan tubali ba a sa shi a aksil ɗin gaba ko kaɗan, saboda birki da sitiyari. Ɗaga bodi kaɗai daga kan shasi ba ya taɓa karkatar farfela, amma kuma ba ya ɗaga cikin motar daga ƙasa.

Ƙirar motar ma tana da tasiri. Land Cruiser jerin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984, aksil ɗinta na gaba guda ne miƙaƙƙe, don haka ɗagawa tana shafar farfela biyun. Hilux na zamani kuwa koronar gaba a jikin shasi take ɗaure, kowace taya da 'yar sandarta mai rigar roba. A irin wannan mota waɗannan 'yan sandunan ne ke karkacewa, robar ta yage, giris ya watse, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas idan an karya kwana.

Alamomin da mota ke bayarwa

Farfela ba ta cika yankewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Ƙarar ƙwal idan aka sa giya ko ribas tana nuna kuros ko haƙoran zamiya sun yi lako-lako. Ƙara mai kama da tsuwwa da ke bin juyin farfela idan ana tafiya a hankali alama ce ta kofin da ya bushe. Jan gari mai kama da tsatsa a bakin kofi yana nufin allurai sun fara niƙewa. Idan mota na karkarwa lokacin tashi da lodi sannan ta lafa, a duba karkata da boris ɗin tsakiya. Idan rawar tana ƙaruwa da gudu har madubi ya dushe, wataƙila farfela ta lanƙwashe, ko ɗan ƙarfen da aka liƙa mata don daidaita nauyi ya faɗi, ko busasshiyar laka ta manne mata a gefe ɗaya. Rawar taya ta bambanta: ta fi nauyi da jinkiri, kuma sau da yawa a sitiyari ake jin ta.

Gwajin farko kowa zai iya yi. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe inji, a tokare tayoyi da duwatsu gaba da baya, a sa giya a firi. A kama farfela kusa da kowane kuros a murɗa, a tura sama da ƙasa. Lafiyayyen kuros ba ya wasa ko kaɗan. Amma wanda ya bushe ya ƙame shi ma ba ya wasa, sai an sauke farfela an lanƙwasa shi da hannu za a ji ya cije. Bayan doguwar tafiya, kofin da ya fi sauran zafi sosai shi ne ke shirin mutuwa.

A auna kafin a kwance

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali bai fi minti ashirin ba. Ana sayar da ma'aunin karkata mai maganaɗisu, wayoyin zamani ma suna ɗaukar manhajar da ke wannan aiki. Mota ta tsaya da tayoyinta a ƙasa, ba a kan jak ba, ɗauke da irin lodin da ta saba ɗauka, domin boksi babu kaya da boksi mai buhunan dawa tsayinsu ba ɗaya ba ne.

Awo uku ake ɗauka: karkatar mafitar akwatin dabal, karkatar sandar farfela, da karkatar bakin korona. Ga misali. Mafitar dabal ta sunkuya baya digiri 3, sandar ta sunkuya digiri 9, bakin korona ya ɗaga sama digiri 1. Kuros na gaba yana aiki a digiri 6 ke nan, na baya a digiri 8. Bambancin digiri 2 ya isa ya sa mota rawa. Idan aka ƙara ɗaga bakin korona da digiri 2, kowannensu ya koma 6, rawar ta lafa. Digiri 6 ɗin ma ya fi abin da ake so, saboda haka irin wannan mota tana bukatar giris akai-akai da rage gudu a kwalta, ko kuma a rage mata tsayi.

A duba kunnuwa kuma. Sau da yawa an taɓa zare wuyan zamiya an mayar da shi ba a kan haƙoran da ya fito ba, kunnuwan gaba da na baya suka saɓa layi. Wannan kaɗai yana girgiza motar da ba a taɓa ɗagawa ba, kuma gyaransa ba ya cin ko fam ɗaya. Sai dai akwai 'yan motocin da kamfani ya saɓa kunnuwansu da gangan, don haka a nemi alamar kamfani a jikin sandar kafin a juya komai.

Gyaran da ya dace da kowace matsala

Idan bakin korona ne ya kauce, ana sa weji tsakanin sifirin da mazaunin aksil, wato ɗan ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗayan. Ya zama na ƙarfe, kusar tsakiyar sifirin ta ratsa shi ta kama mazauninta sosai, a kuma sa sababbin yubol, wato ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki. A motar sifirin ganye ana barin bakin korona ƙasa da kamar digiri 1, domin yana ɗagawa da kansa idan inji ya ja. A aksil ɗin gaba sai an yi hattara: murɗa shi don farfela ta ji daɗi yana iya sa sitiyari ya riƙa yawo a hanya, kuma lafiyar sitiyari ta fi ta kuros muhimmanci.

Idan farfela gida biyu ce, sauke boris ɗin tsakiya kaɗan da ɗan ƙarfe a tsakaninsa da shasi yakan kawar da karkarwar tashi. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa. A wasu motocin ana ɗan sauke gadon da giya ke zaune a kai, amma wannan yana rage karkatar farfelar baya ne ya ƙara ta gaba.

Idan ɗagawar ta yi yawa, sai a koma farfela mai kuros biyu a haɗe a ƙarshen da ke wajen dabal. Ita dokarta dabam ce: bakin korona zai kalli sandar farfela kusan kai tsaye, da ragin digiri 1 ko 2. Wanda ya sa irin wannan farfela ya bar korona a tsohon saitinta ya kashe kuɗi ne rawa na nan.

Idan wuyan zamiya ya zazzago da yawa, farfela na bukatar ƙarin tsawo. Wannan aikin mai makharata ne, injin fiƙe ƙarfe, wanda zai sa sabon bututu ya tabbatar ya miƙe sak kafin walda da bayanta, a kuma daidaita nauyinsa inda akwai injin yin haka. Yanka farfela a tsakiya a dasa guntun bututu da ido kawai hatsari ne. Tsawon ma da iyaka: idan ta yi tsawo fiye da kima, ranar da mota ta faɗa rami da lodi za ta tokare ta fasa akwatin dabal. A gwada ta a yanayi biyu, aksil a rataye da kuma mota cike da kaya. Duk wanda ya ɗaga mota ya duba tiyon birki shi ma, kada ya ɗame idan aksil ya sauka.

Idan za a sa sabon kuros

A yi alama da fenti a kan faifan farfela da na korona, da kuma ɓangarori biyu na wuyan zamiya, don komai ya koma inda ya fito. A je shago da tsohon, a auna faɗin kofi da tsawon kuros, domin akwai masu kama da juna da suka bambanta da milimita ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar a Afrilun 2023 kayan gyara suka yi tsada suka yi wuyar samu, sai jabu ya sami kasuwa. Araha kuwa ba ta ado. A danna kofuna da bais maimakon dukan guduma, a kula kada allura ta kwanta a gindin kofi. Idan zoben da ke tsare kofi ya ƙi shiga gurbinsa, yawanci abin da ya faru ke nan, sai a fito da kofin a gyara. Idan ramin kunne ya buɗe har kofi na juyawa a ciki, kunnen ne ya mutu, ɗigon walda ba ya ceto shi. Bayan an gama, kuros ya lanƙwasa ko'ina da santsi.

Giris, ruwa da dabal

A ƙasar da ake ratsa kwari da bakin tur'a, wato manyan magudanan ban ruwa, da ƙananan magudanan Abu Ishirin na Jazira, ruwa da laka ne manyan abokan gabar kuros. Duk lokacin da aka canza man inji a sa giris, idan kuma farfela ta nutse a ruwa a sa a ranar ko washegari. Ana bugawa har sai sabon giris ya fito ta bakin kofuna huɗun. Wanda bai fitar ba ya toshe. Wuyan zamiya kuwa bugu kaɗan ya ishe shi, domin idan aka cika shi maƙil ba ya iya taƙurewa, sai ya riƙa tura boris ɗin dabal da na korona. A kankare laka tun tana ɗanya, a cire ciyawa da igiya da leda da suka naɗe.

Dabal na laka da yashi ne. A motocin da ake sa shi da hannu, tayoyin gaba da na baya a kulle suke da juna, a kwalta kuma babu santsin da zai saki bambancin tafiyarsu, sai farfela biyun su ɗaure. Da an hau kwalta a cire. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya. Idan mota ta kafe, fizga tsakanin giya ta ɗaya da ribas da totur a ƙasa shi ne ke karya kuros nan take. Haƙa da rage lodi sun fi sauƙi.

Idan ta yanke a daji

Idan aka ji duka mai ƙarfi a ƙasan mota, a saki totur a tsaya a hankali. Mafi muni shi ne kuros na gaba na farfelar baya ya saki, kanta ya caki ƙasa mota na gudu, abin da kan iya kifar da ita ko ya tsinka bututun birki. Zoben ƙarfe da aka ɗaure a shasi ya kewaye farfela, kimanin santimita 15 bayan wannan kuros, yana tare ta idan ta saki, kuma kowane mai walda zai iya yin sa.

Mota mai dabal tana iya kai kanta gari. A tokare tayoyi da kyau tukuna, domin da zarar an cire farfela giya ba ta riƙe mota, a wasu tsofaffin motocin har birkin hannu a kan farfela yake kamawa. A kwance farfelar baya gaba ɗaya, a kulle cibiyoyin tayoyin gaba, a sa dabal babba, a tafi a hankali da jan gaba kawai, an rage lodi. Idan irin motar da wuyan farfela ke shiga cikin akwatin dabal ce, sai an toshe bakin don kada mai ya tsiyaye.

Tsayi nawa mota ke bukata?

Abin da ya fi kusa da ƙasa a mota mai miƙaƙƙen aksil shi ne korona, kuma ita ce ke dafe tudun da ke tsakanin ramukan tarakta. Sifirin ba ya ɗaga korona ko da santimita ɗaya. Taya ce kawai ke ɗaga ta, da rabin abin da aka ƙara wa faɗin tayar daga sama zuwa ƙasa. Amfanin ɗaga sifirin shi ne ya ba babbar taya wuri, ya hana mota zama idan ta ɗau kaya, ya nesanta shasi da tudu. Ga yawancin motocin aiki, abin da bai wuce santimita 5 ba yana biyan wannan bukata da ƙananan gyare-gyare. Abin da ya haura haka yana jawo sabuwar farfela, yana kuma sa motar da aka yi wa lodi sama ta fi saurin kifewa.

Saboda haka kafin ku biya kuɗin ɗagawa, ku yi wa bakanike tambaya uku: «Malam, digiri nawa kuros zai koma? Haƙoran zamiya nawa za su rage a ciki? Wa zai auna bayan an gama?» Ƙwararre zai ɗauko ma'auni ya nuna muku. Idan kuma motarku ta riga ta cinye kuros biyu a damina ɗaya, kada ku sayi na uku sai an auna.